Shekarar da Na Kai Ruwa Bakin Gulbi

Zalika, ke kika sa ni zaman rubuta wannan. Kin dawo daga bikin danginmu na ƙetare ranki a ɓace, kika ce wata tsohuwa ta nuna ki da baki a cikin taro ta ce ga jikar Mumuni nan, wanda uwarsa ta aika masa tana kan gargara ya ƙi zuwa. Kika tambaye ni ko haka aka yi. Na ce miki haka aka yi, kika tashi kika shige ɗaki ban ƙarasa ba. To ga sauran maganar. Ki karanta, ki ba ƙannenki, domin cikin waɗanda suka ga abin a nan suka kuma gan shi a can, ni kaɗai na rage.

Mu baƙi ne a Tungar Yashi, ko da yake yanzu ba wanda zai gaya muku haka. Kakanku Mumuni ya fito ne daga wani ƙauyen Dandawa da ke bakin gulbin Kwara, can gaba da Malanbil, a ƙasar da kuke kira Benin, mu kuwa a lokacin Faranshi muke ce mata. Gonar gidansu ta yi wa 'yan'uwa kaɗan, sai ya ƙulle irin albasa a tsumma ya ƙetaro ci-rani, da niyyar ya yi rani ɗaya ya koma. Ya wuce Lolo, ya wuce Lafagu, duk inda ya tsaya fadama tana da masu ita, har ya hau tudu ya iske wannan 'yar tunga da ba ta da komai sai gero da ƙaya da rana. Daga nan zuwa gulbi tafiyar wuni ce. Maigari ya nuna masa wani kwari a bayan gari, rairayi ne zalla, ko akuya ba ta daɗewa a ciki, ya ce in yana so ya ɗauka. Baba ya yi ta yawo a kwarin yana duban tsirrai da gidajen tururuwa, sannan ya kafa dagi ya fara haƙa. Mutane suka riƙa zuwa kallon mahaukacin Faranshi. Sai ga shi ya cim ma ruwa. Da wannan rijiya ya yi lambun albasa, da shekara ta kewayo ya koma ya ɗauko Nya, wato uwata, mu kuma duka a nan aka yanke mana cibi.

Gidanmu ƙasa ce daban, iyakarta kuma bakin darni. A waje Hausa ake yi, a ciki Dandanci. In ka shigo da Hausa a bakinka Nya ba za ta amsa maka ba, sai ta ci gaba da tankaɗenta kamar ba kowa ya yi magana ba, har ka gane da kanka.

"Takalminka da Hausarka, duka ka bar su a ƙofa," haka take ce mana.

Miyarmu ma daban take, da busasshen kifi a ciki, yaran maƙwabta su ce muna ƙarnin gulbi, gulbin da ni ban taɓa gani ba. Baba kuwa har ya koma ga Allah Hausarsa ba ta raba mace da namiji ba. Sai ya ce matata ya tafi kasuwa, ko Maigari ta kira ni, yara su bi shi a baya suna kwaikwayo. Na sha dambe a kan wannan. Saibu Ɗan Faranshi ake ce mini a makarantar allo, a dandali, har a wurin kiwo. Kuma a gidanmu in an ce gida, ba wurin da muke kwana ake nufi ba. Gida yana can, inda Kayi take, uwar Baba. Bayan an cire albasa yakan ƙetara shi kaɗai ya gano ta, ba ma kowace shekara ba, ya dawo da kifi da gaisuwa, ya zauna a tabarma ya ce baɗi dukanmu za mu tafi. Nya ta riƙe wannan magana da hannu biyu. Ta hana shi gina ɗakin ƙasa, ta ce wanda zai tashi baɗi me zai yi da katanga. A bukkar kara muka girma, kwanonin aurenta suna ɗaure a zane a kan ragaya, suna jiran tafiya.

Ina saurayi, gemu bai fito ba amma ina iya saɓa buhun albasa, aka yi shekarar da damina ta yi mana ƙarya. Gero ya kai gwiwa ya tsaya, ya bushe a tsaye. Tafkin gari ya ƙafe tun kaka ba ta ƙare ba. Da rani ya yi nisa rijiyar bakin masallaci ta koma laka, daga baya ko lakar ma babu, sai guga ya dawo da ƙasa busasshiya. Mata suka fara bin jakuna zuwa wasu garuruwa, su fita da asuba su dawo la'asar da ruwan da bai isa girki da sha ba. A cikin wannan hali lambun Baba yana nan kore shar. Ban taɓa ganin albasa ta yi kyau irin na wannan shekara ba. Ka taho ta cikin farin rairayi idonka yana zafi, sai ka hango shi a kwari kamar an yanko wata ƙasa an ajiye. Mutane kan tsaya a bakin shinge su yi ta kallo, sannan su wuce.

Wata safiya Maigari ya zo da dattawa. Tun ranar da ya ba Baba kwarin bai sake taka shi ba. Suka tsaya a bakin fangalin albasa, muna ban-ruwa ni da Baba.

"Mumuni," in ji Maigari, "kunya ta hana muna tahowa tun tuni. Rijiyar gari ta ƙahe. Mun san ruwan ga na albasarka na, mun kuma san ba ya isar albasa da mutane gaba ɗai. Ko tulu guda-guda ka bari mata su ɗiba. In Allah ya kawo damana mu saka maka."

Baba ya ajiye guga. Ya daɗe yana duban albasar, daga wannan gefe har wancan. Sannan ya juyo da irin Hausarsa.

"Albasa ba ya salla, Maigari. Mace ya zo ya ɗiba. Yaro ya ɗiba. Ba biya."

Ranar ba wanda ya yi wa Hausar Baba dariya.

Da muka koma gida Nya ta riga ta ji. Ba ta ɗaga murya ba, ita ba mai ɗaga murya ba ce.

"Da wannan albasar ka ce za mu koma."

"Na faɗa."

"To yanzu fa?"

"To yanzu ga shi kin gani."

Ta shiga bukka ta yi kukanta. Washegari kuma ita ce a bakin rijiya tana jera tuluna, tana nuna wa mata da hannu wadda za ta fara da wadda za ta bi, ita da ba ta yarda ta yi Hausa.

Albasar ta mutu a gabanmu. Ganyen ya fara kwantawa, ya yi rawaya, ya koma kamar ciyawar bara. Baba bai sake duban wajen ba. Labari kuwa ya bazu. Mutanen tungayen da ke kewaye suka fara zuwa, sai Fulani da ragowar shanunsu, shanun da za ka iya ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa. Layin tulu ya fita daga kwarin ya zagaye shinge ya kai bakin hanya. Tun hantsi bai yi ba wurin ya cika da kukan jakai da na jarirai da ƙarar guga. Na sha tsayawa ina mamaki, wai duk wannan jama'a ramin da ubana ya haƙa da hannunsa ne yake riƙe da ita.

Amma rijiyar rairayi ba kamar ta dutse ba ce. Ruwan yana ja da baya, dole a bi shi, kuma duk yadda aka yashe ta, kafin wayewar gari yashi ya sake zubowa ya toshe idon. Kullum bayan sallar asuba Baba zai ɗaura igiya a ƙugu ya sauka, ya yi ta cika guga da yashi muna jawowa, yana kafa itatuwa a jikin bangon don kada ya zabtare, sai ruwa ya taso sannan ya fito. Wani ƙato cikin samarin gari ya ce a bar shi ya karɓi Baba. Bai san inda ake taka ƙafa da inda ba a taɓawa ba, bango ya zubo ya binne shi har ƙirji, da ƙyar aka zaro shi da rai. Daga nan ba wanda ya ƙara cewa zai shiga. Ni Baba ya taɓa saukar da ni tare da shi, don in gani. Sanyi ya kama ni tun daga rabi. A ƙasa duhu ne, hayaniyar mutane ta koma kamar ta wani gari, da na ɗaga kai sai na ga sama ta zama kamar faifai. Ya kama hannuna ya ɗora a wani gefe, na ji ruwa yana tsattsafowa ta tsakanin yatsuna, a hankali, kamar numfashin mai barci. Ban taɓa jin kusancin Allah irin na wannan wuri ba, har a Makka da na je daga baya.

Ana cikin haka, zafin bazara ya kai inda ya kai, sai ga Baffa Gado, ƙanen Baba, ya iso da rana tsaka ƙafafunsa duk ƙura. A shekarar an rufe iyaka, ta daji ya biyo. Ko ruwan da Nya ta miƙa masa bai sha ba sai da ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Tsohuwa ta kwanta. Ba ta ci, ba ta tashi. Sunanka kawai take kira. Ta ce in zo da kai."

Baba ya zauna a kan turmi.

"Za ta kai damina?" ya tambaya.

"Ba za ta kai sati ba ma, in ba wani ikon Allah ba. Tashi mu kama hanya."

"Gado, in na kwana biyu ban shiga rijiyar nan ba, ta rufe. In ta rufe ba ta sake buɗuwa a wannan ranin."

"To ta rufe mana! Rijiyar ce ta haife ka? Waɗannan mutanen da yaransu ke bin ka suna dariya, su za ka zaɓa ka bar wadda ta goya ka?"

Na sa baki, ko da yake ba a tambaye ni ba. Na ce Baba ya tafi, ni zan riƙa sauka, ai ya nuna mini. Ya dube ni kamar bai san ni ba.

"Sau ɗaya ka shiga, hannunka a cikin nawa. In ta zubo mini, na ci rabona na duniya. In ta zubo maka, me zan gaya wa uwarka, me zan gaya wa tawa?"

Nya ce ta ba ni mamaki. Ita da ta shekara da shekaru tana jiran ranar tafiya, na ɗauka za ta bi bayan Baffa. Sai ta ce, idonta a ƙasa:

"Akwai mata masu jego a layin nan. Na san su ɗaya-ɗaya."

Baba ya tashi ya fita, muka hango shi yana tafiya a kwarin shi kaɗai, yana kai yana komowa a cikin matacciyar albasa, har aka kira la'asar. Da ya dawo ya shiga bukka ya ɗauko goran da yake zuwa gona da shi, ya koma rijiya ya cika shi, ya toshe bakin da tsumma, ya ɗaure da igiya. Ya miƙo mini.

"Saibu zai bi ka. Shi ne babban ɗana, bai taɓa ganin ta ba. Saibu, ka ba ta wannan a hannunta. Ka ce mata shi ya riƙe ni. Kada ka ƙara komai, kada ka rage."

Baffa ya yi wata dariya mai ɗaci.

"Ruwa? Matar da gulbi ke wanke mata ƙofar gida za ka aika wa ruwa?"



Da asuba muka kama hanya, goran yana rataye a kafaɗata. Baffa bai yi mini magana ba sai in ya zama dole. Muka bi ta gonakin da ba a girbe komai a cikinsu ba, muka wuce gawarwakin shanu, ƙishirwa ta kama ni har harshena ya yi nauyi, ga ruwa yana motsi a bayana, ban taɓa shi ba. Wajen la'asar iska ta sauya, ta yi sanyi, ta zo da wani wari irin na miyar Nya. Muka hau wani ɗan tudu, sai ƙafafuna suka tsaya da kansu. Ruwa ne, Zalika, daga nan har inda ido ya ƙare, yana tafiya, rana tana wasa a kansa. Ba wanda ya haƙa shi, ba wanda yake tsaron sa, ba layi. Mata suna wanki suna watsar da shi, yara suna faɗawa ciki suna ihu, wani mutum yana wanke jaki. Ni da na bar garin da ake lasar gindin ƙwarya, na rasa ko in yi dariya ko in yi kuka.

"Wannan ai ya mutu," in ji Baffa. "Dubi yashi a tsakiyarsa. Da ka gan shi shekarar da ruwa yake ruwa."

Wani masunci ya ɗauke mu a kwalekwale, ya bi da mu ta bayan tsibirai don kada mu haɗu da masu tsaron iyaka. Na riƙe gefen jirgin da hannu ɗaya, goran da ɗayan. Na ga dorina ta ɗago kai ta hura ruwa ta koma. Na yi ta neman inda Najeriya ta ƙare Faranshi ta fara, ban ga komai ba sai ruwa.

A ƙauyen su Baba kowa ya san ko ni wane ne tun ban buɗe baki ba, wai tafiyata tasa ce. Da na buɗe bakin kuwa sai yara suka fashe da dariya. Dandancin da nake taƙama da shi ashe ya karkace, ya sha Hausa. Hausa-ize suka riƙa kira na, wato ɗan Hausa. Na yi tafiyar nan duka zuwa gidan da aka raine ni da labarinsa, na iske nan ma baƙo ne ni.

Kayi tana kwance a kan gadon kara, 'yar ƙarama kamar yarinya, idonta ya daɗe da rufewa. Ɗakin cike da 'ya'ya da jikoki. Da ta ji takunmu ta ɗago hannu.

"Mumuni?"

"Bai zo ba," in ji Baffa, da ƙarfi don kowa ya ji. "Ya ce rijiyar Hausawa ta riƙe shi. Ga ɗansa ya aiko."

Ɗakin ya ɗauki gunaguni. Na durƙusa a gefen gadon, ta lalubo fuskata, ta shafa goshina da hancina da kunnuwana, ta sauko ta kama tafin hannuna tana murza kantar da igiya ta yi mini. Na ɗora mata goran a hannu, na faɗi abin da aka ce in faɗa, ban ƙara ba ban rage ba. Ta girgiza shi kusa da kunnenta.

"Mutum nawa ke sha?"

"Garin duka, Kayi. Da tungayen kewaye. Da Fulani da shanunsu."

"Yana sayarwa?"

"A'a."

"Albasarsa fa?"

"Ta mutu."

"Wa ke shiga ramin?"

"Shi kaɗai. Kullum da asuba."

Sai ta ce a tayar da ita. Goggona ta tallafe ta, na cire tsumman, na kai mata goran baki. Matar da aka ce ko kunu ba ya wuce mata, ta kurɓa, ta haɗiye, ta sake kurɓa. Ta yamutsa fuska.

"Kanwa-kanwa, ga ƙasa. Wannan suke sha?"

"Shi ma sai an yi layi."

"To ya zauna," in ji ta. Ta juya fuskarta wajen da ta ji muryar Baffa. "Gado, kana ji na? Na ce ya zauna. Ni na koya masa ba a hana ruwa, ban san zai riƙe maganar haka ba." Sai ta rungume goran a ƙirjinta. "Sauran nan kada kowa ya taɓa. In an zo wanka na a zuba shi a ciki. Tun da bai zo ba, hannunsa ya taɓa ni."

Ba ta daɗe ba bayan haka. Washegari da hantsi ta cika, ina zaune a bakin ƙofa. Ni na miƙa wa goggona goran, na ga ta shiga da shi inda mata suke shirya ta.

Bari in gaya muku abin da ya biyo baya tun yanzu, don kada ku ɗauka maganar Kayi ta wanke komai. Ba ta wanke ba. 'Yan'uwan Baba sun ji ta da kunnuwansu, amma suka ce zafin ciwo ne da son ɗa. Bayan ruwa ya sauka Baba ya ƙetara ya yi wa kabarinta addu'a, ya miƙa wa yayyensa hannu suka ƙi karɓa. Rabonsa na gona suka raba a tsakaninsu, bai ce uffan ba. Baffa Gado bai sake taka Tungar Yashi ba har ya rasu. Baba kuma bai ƙara cewa baɗi za mu koma ba, Nya ma ba ta ƙara tambaya ba, ta tsufa ta mutu a tudun nan ba ta sake zama kusa da 'yan'uwanta ba. Ban ce su Baffa ba su da hujja ba. Su suka yi jinya, su suka ji tana kiran sunan wanda bai zo ba. Abin da tsohuwar nan ta gaya miki a wurin biki, abin da ta gada ke nan, kuma rabinsa gaskiya ne.

Ni kaɗai na dawo. Masuncin ya sauke ni a wannan gefe, na kwana a Lolo, na yi sammako, na ɓata hanya na sake kwana a wata ruga, sai da safe na shigo kwarinmu. Layin yana nan, ya ma fi da tsawo. Mutane suka gan ni ba gora a kafaɗata, suka riƙa buɗa mini hanya ba tare da sun tambaye ni ba. Nya tana bakin rijiya, ta dubi fuskata, ta sa gefen mayafinta ta rufe baki. Baba yana cikin rijiyar. Na karɓi igiyar guga daga hannun mai ja, na kwanta rub da ciki a bakin ramin, na leƙa. Ban ga komai ba sai duhu, sai ƙarar yashi da yake kwasa.

"Baba," na kira shi da Dandanci.

Ƙarar ta tsaya.

"Ka iske ta?" Muryar ta taso daga can ƙasa, ta yi kauri kamar ba tasa ba.

"Na iske ta."

"Ta sha?"

"Ta sha, Baba. Ta ce kanwa-kanwa ne."

Na ji wani abu kamar dariya, gajere.

"Me kuma ta ce?"

"Ta ce ka zauna. Sau biyu ta faɗa, a gaban kowa." Na ƙara sunkuyar da kai cikin ramin. "Baba, Allah ya karɓi abinsa. Sauran ruwan da shi aka yi mata wanka. Ita ta ce a yi haka."

Matan da ke kusa ba sa jin Dandanci, amma sun gane. Ta gaba ta fara salati a hankali, ta bayanta ta ɗauka, abin ya bi layi har bakin hanya, har hayaniyar kwarin duka ta mutu, ko masu jakai suka tsaya cik. A cikin wannan shiru ne kukan ya taso. Ban taɓa jin ubana ya yi kuka ba, ban kuma taɓa jin kuka irin wannan ba. Rijiyar ta ɗauke shi ta ƙara masa girma, ya fito ta bakin ramin kamar ƙasar ce da kanta take yi. Na ga tsofaffin Fulani sun cire malafa sun durƙusa a kan rairayi. Maigari ya matso ya leƙa, ya ce:

"Mumuni, hito haka nan. Yau mun haƙura da ruwa. Hito mu yi maka gaisuwa."

Kukan ya yi ta raguwa har ya ɗauke. Muna nan tsaye, ba mai motsi, ina jiran ya ce a jawo shi. Sai na ji ƙarar yashi ta dawo, a hankali, cika hannu bayan cika hannu. Can igiyar da ke hannuna ta motsa, irin motsin da yake yi in guga ya cika.

Na share fuskata da kafaɗa, na miƙe, na ja.